Mai Haƙa Rijiya a Sansanin Kan Dutse

Duk Bahaushen da ke zuwa bakin tekun Al Wakrah a ƙasar Ƙatar ranar Juma'a da la'asar ya san Malam Gado. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, in ka ba shi hannu sai naka ya ɓace a cikin nasa. A nan muke taruwa, mu 'yan Arewa da 'yan'uwanmu na Zangon Gana, kowa da kofin shayinsa mai madara da ake kira karak, muna kallon jiragen masunta suna shigowa. Gado ba mai yawan magana ba ne. Ni Zulkiflu, da nake gadi a wani rukunin gidaje a Al Aziziya, na daɗe ina zama kusa da shi kafin na haɗa labarinsa, don guntu-guntu yake ba da shi.

Mutumin Jibiya ne. Mahaifinsa haƙa rijiya yake yi, mahaifiyarsa kuma 'yar wani ƙauye ce a tsallaken iyaka, wajen Maraɗi. Tun bai yi gemu ba ya fara shiga rami da dagi da ƙwarya, uban yana sama yana jan guga. Ya ce a lokacin babu abin da yake so kamar ya kai ƙasan rijiya ya ɗaga kai, ya ga sama ta koma kamar faifai. Ana gab da damina wata shekara, suna aiki a wani gari mai rairayi, sai bangon rijiyar ya rufto masa. Ƙasa ta binne shi har wuya, bakin rijiyar ya toshe, duhu ya rufe. Tun da hantsi yake ciki sai bayan la'asar aka kai gare shi. Mahaifinsa ne ya ƙarasa tono shi da hannu, don yana tsoron kada dagi ya same shi.

Ya fito da ransa, ko ƙashi bai karye ba. Amma daga ranar bai ƙara leƙa rijiya ba. Ɗaki ma in an rufe ƙofa sai numfashinsa ya riƙa sarƙewa. Ya bar sana'ar gidansu ya koyi tuƙi, ya yi shekaru yana ɗaukar fasinja tsakanin Jibiya da Maraɗi. Ya auri Haulat, suka haifi Umar Faruq da Ummi. Da hanyar ta lalace da rashin tsaro, sai ya bi sahun masu zuwa Ƙatar.

Aikin gadi ya fara samu a wani dogon bene. Ranar farko aka tura shi wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa, ko azahar bai kai ba ya fito yana haki, gumi ya jiƙa masa riga. Ya roƙi shugabansu ya mayar da shi bakin ƙofa, cikin ranar da kowa ke gudu. Aka yi ta yi masa dariya, aka ba shi. Lifta kuwa ba ya shiga, ko hawa na nawa aka aike shi da ƙafa yake zuwa.

A bakin ƙofar nan ya haɗu da Hajji Rashad, wani dattijo ɗan ƙasa da ke zuwa ganin likita a benen. Ciwon suga ya cinye masa ƙarfin ƙafafu. Wata rana direbansa ya kasa fito da shi daga mota zuwa kekensa, suna ta fama, dattijon yana faɗa. Gado ya matso ya yi sallama, ya sa hannu ya ɗauke shi cak, ya zaunar da shi a hankali. Hajji ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi ko ya iya tuƙi. Kafin wata ya ƙare dattijon ya zama kafil ɗinsa, wato ubangidan da ke riƙe da takardun aikinsa, Gado ya koma gidansa a Madinat Khalifa.

Hajji Rashad injiniyan hanyoyi ne da ya yi ritaya. Yana saurayi aka tura shi karatu Italiya, har yanzu harshen yana bakinsa. Mutum ne mai surutu, Gado kuma mai saurare, sai suka dace. Bu Umar yake kiransa, wato baban Umar, kamar yadda suke yi wa wanda suke girmamawa. Wata rana suna kan hanya, ƙasa shimfiɗe ko'ina kamar tabarma, sai ya ce, "Bu Umar, ka taɓa ganin dutse kuwa?"

"Na gani, Hajji. Akwai na Kwatarkwashi a wajenmu, babba ne ƙwarai."

Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya ce yana ɗalibi ya taɓa hawa wani dutse a kan iyakar Italiya da Faransa, shi da abokan karatunsa. A can ƙoli akwai tsohon sansanin soja da aka sassaƙa a cikin dutsen. Ya ce ya gina hanyoyi da gadoji iyakar rayuwarsa, amma bai taɓa ganin aikin hannun ɗan Adam da ya sa shi yin shiru ba sai wannan. Ya faɗi sunan wurin, Gado ya kasa maimaitawa. Har yau Gidan Dutse yake ce masa.

Da zafi ya tsananta wata shekara, 'ya'yan Hajji suka shirya kai shi Italiya a duba ƙafafunsa. Aka tafi da Gado, don babu mai iya ɗaukar tsohon sai shi. Likitoci suka gama dubawa, ba su faɗi abin daɗi ba. Washegari Hajji ya ce a kai shi dutsen. 'Ya'yan suka ƙi, suka kawo maganar sanyi da hawan jini. Ya bar su suka gama, sannan ya ce shi ba shawara ya nema ba. Aka samo wani mai motar hawa duwatsu, da wata dattijuwa 'yar ƙauyen gindin dutsen mai suna Delfina, wadda ke raka baƙi sansanin. Ita tana magana da Italiyanci, Hajji yana juya wa Gado da Larabci.

Da sassafe suka kama hanya. Gado direba ne, amma ya ce bai taɓa ganin hanya irin wannan ba. An yanke ta a jikin dutse, faɗinta mota ɗaya, tana naɗewa tana komowa kamar igiyar guga. Dama bango ne na dutse, hagu kuwa in ka leƙa sai ka hango rufin gidaje kamar ƙwayar gero. Tun suna cikin dogayen bishiyoyi har bishiyoyin suka ƙare. Ciyawa ta ɗan raka su, ita ma ta ƙare. Sai tsabar dutse toka-toka, da farar dusar ƙanƙara kwance a lunguna, alhali a Doha a ranar ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa don zafi. Kunnuwansa suka toshe. Ya riƙe kujera yana hailala, Hajji kuwa sai cewa yake, "Yalla, duba can, duba can!"

Motar ta tsaya a inda hanya ta ƙare. A gabansu ga wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe mai tsatsa a jikin dutsen, bayanta duhu. Delfina ta ce da akwai hanyar waje da ke kaiwa ƙoli, amma zaftarewar duwatsu ta tafi da ita. Yanzu sai dai a bi ta cikin dutsen, a hau matakala. Keke ba zai shiga ba.

Gado ya tsaya yana kallon ƙofar. Wata iska mai sanyi da warin danshi tana fitowa daga ciki, warin da ya sani sarai. Hajji ya san labarin rijiyar, don haka ya dafa hannunsa ya ce, "Khalas, Bu Umar. Na ga ƙofar, ya isa. Mu koma."

Gado ya ce min da tsohon ya matsa masa, da ya ƙi. Amma ya dubi fuskarsa, ya ga yana murmushi idonsa na kan ƙofar, kuma ya ji abin da likitoci suka ce. Sai ya durƙusa a gaban keken ya ba shi baya.

"Hau, Hajji."

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba. Hau dai, kafin in sake shawara."

Suka shiga, Delfina a gaba da tocila. Da farko hasken ƙofa yana bayansu, da suka sha kwana ya ɓace. Ruwa yana ɗiga daga sama, ƙarar takunsu tana tafiya tana dawowa. Ba su yi nisa da hawa ba ƙirjin Gado ya ɗaure. Ya ji kamar rairayin nan ya dawo, yana matse masa haƙarƙari. Ya tsaya cak, ya kasa gaba ya kasa baya, ga mutum a bayansa. Hajji ya gane halin da yake ciki, ya yi wa dattijuwar magana.

Delfina ta sauko. Ta kama hannunsa na dama ta ɗora a bango, ta haska wurin. Dutsen cike yake da sawun sara, layi-layi, ɗaya kusa da ɗaya. Ta fara magana, Hajji yana juyawa a daidai kunnensa. Ta ce kakanta yana cikin waɗanda suka haƙa wannan hanya, tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojoji ne da mutanen ƙauyuka, da diga da guduma, sai nakiya inda dutse ya gagara. 'Yan watannin rani kaɗai suke samu su yi aiki, sauran shekara ƙanƙara ta rufe ko'ina. Siminti da ƙarfe da ruwan sha duk a bayan alfadarai aka hau da su. Igwogin sansanin kuwa kwance su aka yi gunduwa-gunduwa, maza suka ɗaura igiya suka jawo su daga kwari har ƙoli. Wanda ya fara aikin yana saurayi, da furfura ya ga ƙarshensa.

Gado ya bi sawun da yatsunsa. Ya ce shi a tunaninsa Bature da inji yake komai, bai taɓa kawowa akwai wanda ya tsuguna a duhu kamar mahaifinsa yana sara dutse da hannu ba. Ya san yadda kafaɗa ke ji bayan irin wannan sara, ya san yadda ƙura ke zama a maƙogwaro. Shi ƙasa mai laushi ya haƙa, yana neman ruwa. Waɗannan dutse suka huda, kuma sama suka nufa. Yana cikin wannan tunani sai ya lura numfashinsa ya dawo. Ya gyara wa Hajji zama ya ci gaba da hawa, hannunsa ɗaya yana shafar bangon.

Abin da ya gani a ciki gari ne guda. Ga ɗakin gasa burodi da tandunsa, ga wani babban tafki da aka sassaƙa don tara ruwan ƙanƙara, ga ɗakunan kwana da gadajen ƙarfe jere, tsatsa ta ci su. Ga ɗakin jinya, ga rumbun harsasai mai tsawo wanda hasken tocila bai kai ƙarshensa ba. Delfina ta ce da hunturu ƙanƙara takan binne ƙofofin, sojojin su yi watanni a ciki, ba mai hawa ba mai sauka, sai muryar da ke zuwa musu ta wayar tarho.

A wani ɗan fili tsakanin matakala suka tsaya Gado ya huta. Nan dattijuwar ta ba su labarin yaƙin. Ta ce an yi shekaru masu yawa ana gina wurin, amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya iso, faɗan 'yan kwanaki kawai aka yi a nan. Mahaifinta yana cikin masu harba igwa, saurayi ne a lokacin. Yarinyar da zai aura kuwa 'yar ƙauyen Faransa ce da ke kwari, daidai inda bakin igwogin ke kallo. Mutanen ƙauyukan biyu kasuwarsu ɗaya, suna auratayya, harshensu na gida ma ɗaya ne. Aka ba da umarni a yi harbi. Gajimare ya rufe kwarin, ba sa ganin komai, lamba kawai ake karanto musu su saita su harba. Mahaifinta ya yi ta harbi bai san inda harsashin ke sauka ba.

Su kuma Faransawa sun ɓoye manyan bindigoginsu a bayan wani tsauni, inda na sama ba za su hango su ba. Da gajimaren ya yaye sai suka fara ruwan wuta a kan hasumiyoyin sansanin, suna fasa su ɗaya bayan ɗaya. Wurin da aka ce ba mai iya taɓa shi, kafin rana ta faɗi ya zama kango. Samari da yawa suka mutu, wasu suka ƙone. Delfina ta dubi Gado da tsohon da ke bayansa, sannan ta ce ta wannan matakalar mahaifinta ya sauko da abokinsa da ya ƙone, a goye. Abokin bai kai ƙasa da rai ba.

"Yarinyar fa?" in ji Gado.

Hajji ya tambaye ta. Ta yi dariya ta nuna ƙirjinta. Ita ce mahaifiyarta. An kwashe mutanen ƙauyen kafin a fara harbi, gidansu dai ya rushe. Bayan yaƙi aka ɗaura auren, aka kuma matsar da iyaka, dutsen da sansanin suka koma hannun Faransa, ƙasar da aka gina shi don a harba. Aka yayyanka igwogin aka sauko da su a matsayin tsohon ƙarfe. Mahaifinta ya rayu ya tsufa a gindin dutsen, amma bai sake hawa ba.

Suka ci gaba. Can sai Gado ya ga duhun ya fara yin toka, iska ta bugi fuskarsa, suka fito.

Gado ya ce an baje ƙolin dutsen an yi fili, ga hasumiyoyin a jere, kowace ta fi rumbu girma nesa ba kusa ba, wasu a tsage, wasu kansu ya tafi. Amma ba su ne suka kama shi ba. Gajimare ne, a ƙarƙashin ƙafafunsa. Fari fat, shimfiɗe kamar audugar da aka shiɓa, iyakar ganin ido, kawunan duwatsu masu ƙanƙara suna hudo shi nan da can. Sama kuma shuɗiya ce irin wadda bai taɓa gani ba, har tana neman yin baƙi. Wani babban tsuntsu yana shawagi, shi kuma yana kallon bayansa daga sama. Can ƙasa cikin gajimaren aka yi tsawa, ya ga walƙiya ta gilma a ƙasa da shi. Mutumin da ya tashi yana ɗaga kai ya duba hadari, yau ga shi yana sunkuyawa ya dube shi.

Ya sauke Hajji a kan wani dakalin siminti, ya lulluɓe shi da rigar sanyi. Tsohon mai surutu ya yi tsit, hawaye na bin gemunsa. Gado ma bai san yana kuka ba sai da iska ta sanyaya masa kumatu. Abin da ya iya fitowa daga bakinsa kawai shi ne, "Subhanallah."

Da ya dawo hayyacinsa ya ce a tambayar masa ina iyakar take. Delfina ta nuna wani tudu ta ce da can take, ta juya ta nuna wani ta ce yanzu nan take. Gado ya duba iyakar dubawarsa, bai ga komai ba sai dutse da ƙanƙara. Ya gaya mata cewa shi ma mahaifiyarsa a wata ƙasa aka haife ta, mahaifinsa a wata, kuma da ƙafa ake zuwa tsakanin garuruwan. Ta kama hannunsa da hannuwanta biyu ta girgiza.

Azahar ta yi musu a can. Ya ɗebo dusar ƙanƙara ya narkar a tafinsa, ya yi wa Hajji alwala ya yi tasa, yatsunsa suka ƙage. Dattijon ya duba rana ya nuna alƙibla, ya ce Gado ya ja su salla. Gado ya ce da ya kai goshinsa kan simintin nan, abu biyu ne suka cika masa zuciya. Ɗaya mamakin abin da ɗan Adam zai iya yi da hannunsa in ya sa kansa. Ɗayan kuma, duk wannan aikin da ya ci ƙarfin kakanni da jikoki, in ka tsaya a kansa ka duba kewaye, bai fi tabo a jikin dutse guda ba, duwatsun kuwa ba sa ƙirguwa.

Ta cikin dutsen suka sake saukowa, kuma ya ce saukowar ma ba daɗi ya ji ba. Da suka dawo Doha tsoron bai rabu da shi ba, yana nan yadda yake. Hajji Rashad ya ƙara shekara da wani abu a duniya. A majalisarsa ta bayan magariba, in baƙi suka zo, yakan sa a kira Gado ya ce, "Bu Umar, gaya musu abin da muka gani." Gado ya faɗa da Larabcinsa na direbobi, tsohon yana gyara masa yana ƙarawa. Da Allah ya yi masa rasuwa, iyalin ba su sallami Gado ba. Yanzu matar marigayin yake tuƙawa.

Kwanakin baya ya kawo ta ziyara rukunin gidajen da nake gadi. Ta shiga, shi kuma ya zo ya zauna a inuwar ɗakin gadina. Watan Oktoba ne, amma zafin bai sake mu ba, kwalta sai turiri take. Na ga ya ciro waya yana dubawa, na ɗauka saƙon Haulat ne. Sai ya miƙo min. Yanayin garuruwa biyu ya ajiye a fuskar wayar, na Doha da na ƙauyen Delfina. Ya ce kullum da safe sai ya duba.

"Ka gani, Zulkiflu? An fara zuba ƙanƙara a can tun jiya."

Na ce, "To, Malam Gado, yanzu wa ke sama?"

"Ba kowa. Hanya ta toshe, sai kuma wata shekara." Ya karɓi wayar ya ƙara dubawa. "Yanzu haka da muke zaune a nan tana sauka a kan hasumiyoyin nan, ba mai gani sai Allah."

Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya sa ta a aljihu, ya tashi ya je ya tayar da mota don ta yi sanyi kafin Hajiya ta fito.